Ƙwan Tabawa da Wutsiyar Ɓauna

A Dajin Babban Rafi manya huɗu ne, kuma ba ranar Allah da za ta fito ta faɗi ba su tuna wa sauran dabbobi cewa zaman lafiyar da ake ciki albarkacinsu ne ba. Akwai Giwa, wadda a ganinta duk inda inuwarta ta taɓa sauka ya zama ƙasarta, ko da wucewa kawai ta yi. Akwai Ɓauna, wadda ta makara ranar rabon daji ta tarar an kwashe wurare masu daɗi, abin da ba ta taɓa yafe wa kowa ba. Akwai Dorina, da ba ruwanta da kowace magana sai in ta taɓa rafi. Na huɗu Zaki ne. Haƙoransa sun zube tun tuni, amma da yake ba a sami mai ƙarfin halin leƙa bakinsa ba, ana nan ana ba shi girmansa.

Majalisarsu a gindin wata tsohuwar kuka take zama, kuma suna alfahari da ita ƙwarai, don a faɗarsu ko tururuwa tana iya kawo kukanta. Gaskiya ne, tana iyawa. Sai dai akwai wata doka tun ta kaka da kakanni: in ana cikin magana ɗaya daga cikin manyan nan ya kaɗa wutsiya, maganar ta mutu ke nan. Ba a tambayar dalili, ba a ɗaukaka ƙara. Magatakardan majalisa, Hankaka, ba shi da aikin da ya wuce wannan. Yana kan reshe ya turo farin ƙirji, ya ƙura wa gindin manya ido tun safe har la'asar, kuma a cikin masu fukafuki ba a san muƙamin da ya kai nasa daraja ba. Don kada wutsiya ta motsa a banza, kowane babba yana da balbelarsa da take zaune a gadon bayansa tana tsince masa ƙuda da kaska.

Bayan doka kuma akwai rantsuwoyi. Giwa ta rantse wa Gyado cewa wanda ya taɓa shi ya taɓa ta. Zaki ya rantse wa Giwa. Ɓauna ta rantse wa Kura, Kura ta rantse wa kyarketai, Dorina kuwa ta bi kowa a ɓoye ta rantse masa. Masana suka ce wannan shi ne maganin yaƙi, don ba mahaukacin da zai ja igiyar da aka ɗaure daji duka da ita. Ba wanda ya tambayi abin da zai faru in wani ya yi tuntuɓe da ita.

Gyado ne ya yi tuntuɓen. Wata rana a Fagen Kanwa, inda manya ke zuwa lasa, ya juya da sauri ya taka balbelar Ɓauna, ta mutu nan take. Ya rantse da kabarin uwarsa bai gan ta ba, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, don Gyado ko gabansa ba ya gani sosai balle bayansa. Amma duk dajin an san Ɓauna ta shekara bakwai tana kallon Fagen Kanwa tana haɗiyar yawu. An kuma san Giwa ta shekara bakwai tana neman yadda za ta karya ƙahon Ɓauna kafin ya ƙara tsawo.

Ɓauna ta miƙe a majalisa ta ce, "Ya ku jama'ar daji, ba kanwa ta kawo ni nan ba. Allah ya tsare ni da zubar da jini saboda abin lasa. Amana ta kawo ni. Baiwar Allah nan ta shekara tara a bayana, ba ta taɓa cin kaskar wani ba. Na rantse daga yau ba tsuntsun da zai sake sauka inda ta zauna, wurin nan nata ne har abada. Wanda kuma ya tsaya wa Gyado, to ya tsaya a gaban ƙahona."

Giwa ta amsa da murya mai sanyi. Ta ce, "Ni uwa ce, kuma ba uwar da ke son yaƙi. Amma in na bari aka taɓa Gyado yau, gobe wa za a taɓa? Zomo? Kurege? Saboda ƙanana zan yi yaƙin nan, kuma in Allah ya so shi ne na ƙarshe a dajin nan. Kafin ciyawar bana ta bushe kowa ya koma gidansa."

Ciyawa ta bushe sau uku ba a koma ba. Beguwa ta riƙa tsige ƙayoyinta tana kai wa ɓangarorin biyu, kowa ta ce masa nasa sun fi tsini. Dorina ta fasa gaɓar rafi don ta tare rundunar Kura, ruwa ya shiga ramukan gafiyoyin da ba su taɓa jin sunan Fagen Kanwa ba. Wani mai dabara ya sato wuta daga sansanin maharba, aka yaba masa, aka ce ya kawo ci gaba. Ungulu ta ce ita 'yar ba-ruwana ce, ta yi ƙiba har tashi ya soma gagararta. Shi kuwa Gyado, da aka yi duk wannan dominsa, tun ranar farko ya shige rami da baya, bai fito ba sai da aka gama.

Tafiyar yini guda daga kuka akwai wani wuri da ake kira Gangaren Marke, mazaunin zabi. Su ba sa lasar kanwa, ba su ma san ɗanɗanonta ba. Laifinsu ɗaya: kakar Giwa ta taɓa bi ta wurin a shekarar fari, ta tsaya ta huta a inuwar marken. Saboda haka Dila, mai magana da yawun Giwa, ya zo ya sanar da su cewa sun daɗe a ƙarƙashin kulawarta, lokaci ya yi da za su nuna godiya.

Aikin da aka ba su mai sauƙi ne. Zabo ba ya ganin baƙo ya yi shiru, don haka sai a kwantar da su cikin ciyawa can gaban runduna. In abokan gaba sun matso sai su yi kuka, runduna ta farga. Abokan gaban ma suna da kunnuwa, kuma ciyawar da kuka ya fito ita suke fara takawa. An raɗa wa zabin suna Ƙararrawar Giwa, an yi musu waƙa mai daɗi. Shekarar farko aka kwashi samari, ta biyu aka kwashi waɗanda suka rage, ta uku aka zo kan magidanta.

A cikin magidantan akwai Nomau, zabo mai yawan surutu, wanda matarsa Tabawa ta gama zuba ƙwai sha huɗu a gindin wata gamba, ta fara kwanci.

Nomau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, iyalina kwanci take yi. A bar ni mana su fashe, in gan su, sannan in bi ku."

Dila ya ce, "Ai saboda su za ka je, Malam Nomau. So kake su buɗe ido a ƙarƙashin kofaton Ɓauna?"

Nomau ya leƙa gindin gamba ya ce wa matarsa, "To Tabawa, sai abin da Allah ya yi. Kada ki riƙa daɗewa wajen ruwa."

Ta ce, "Kai dai kada ka riga kowa yin kuka. Na san bakinka."

Shi ya riga kowa. Ya mutu ranar da manya suka kwana biyu da amincewa a tsayar da yaƙi, sai dai ba a sanar ba, don ana jayayya a kan wanda zai zauna gefen gabas na inuwar kuka ranar sulhu.

Da aka warware wannan babbar matsala, aka raba Fagen Kanwa biyu, aka zo batun iyaka. Al'adar dajin ita ce Mesa ke shata iyaka. Sai a kwantar da ita, a miƙe ta, ta ja jiki, duk inda cikinta ya bar sawu nan ne ƙarshen ƙasar wani da farkon ta wani. Al'ada kuma ta ce kafin ta fara sai an ba ta barewa ta haɗiye, don kada ta ci shaidu a hanya. Mesar da ta haɗiye barewa kuwa ba ta iya lanƙwasa. Haka ta miƙe ɗoɗar daga Fagen Kanwa ta yi yamma, ta bi ta tsakiyar gidan tururuwa, ta raba kurege da rumbunsa. Manya suka ga layin daga nesa suka ce ba a taɓa yin iyaka mai kyan wannan ba.

Ranar da Tabawa ta cika kwana sha tara a kan ƙwanta, da rana tsaka ta sauka tafkin gindin marke ta sha ruwa. Ba ta daɗe ba, ta tuna maganar mijinta. Da ta juyo sai ta ga wani faffaɗan sawu a ƙasa tsakaninta da gamba, Tunku yana zaune a bakinsa, Shaho yana shawagi a sama.

Tunku ya ce, "Tsaya nan, Iya. Daga sawun nan zuwa can ƙasar Ɓauna ce."

Ta ce, "Wace Ɓauna? Gurbina ne can, ga shi kana gani. Yanzu na taso, ko hucewa bai yi ba."

Ya ce, "Wallahi ina gani. Amma an ce wanda ya tsallaka, da ƙafa ko da fiffike, ya karya sulhu, yaƙi ya dawo a wuyansa. Ni ɗan aike ne, Iya. Ki je majalisa, ai ana sauraron kowa."

Ta dubi gamba. Taku ashirin ne, ta ƙirga da idonta. Ta juya ta sheƙa da gudu, in ta gaji da gudu ta tashi, in fiffike ya gaji ta koma ƙafa.

Washegari da hantsi ta isa gindin kuka, ƙafafunta sun yi furu-furu. Aka tsayar da ita a bakin inuwa, cikin rana, don inuwar ta manya ce. Ƙarami kuma ba ya yi wa babba magana baki da baki, sai ya faɗa wa Dila, Dila ya gyara ya miƙa.

Ta ce, "Gaya musu ƙwaina sha huɗu suna hayi. Kwana sha tara na yi a kansu, saura tara. Ubansu ya mutu a ciyawar Giwa. Ban zo neman komai ba, a bar ni in koma in kwanta."

Dila ya gyara murya ya mai da 'yar maganar nan jawabi mai tsawon gaske. Ya kawo tarihin zabi tun daga kakar Giwa, ya rera baiti biyu daga waƙar Ƙararrawa, ya ambaci jarumi marigayi Tanko har sau uku. Tabawa ta ce masa Nomau ne, ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Rana tana ƙara hawa, ita kuwa ba abin da ke ranta sai sanyin da ke shiga ɓawo.

Abin mamaki, a ranar kowa ya tashi da tausayi. Giwa ta share hawaye da hancinta ta ce in ba a ba matar nan hanya ba to jinin da aka zubar ya tafi a banza. Aka ta da Zaki daga barci aka gaya masa batun, ya ce a ba ta, ya koma. Dorina ta tambaya ko akwai rafi kusa da gurbin, aka ce babu, ta ce to ita ba ta da ja. Saura Ɓauna, wadda ƙasar take tata, kuma ba ta son a ce Giwa ta fi ta jinƙai. Ta miƙe ta ce, "Mu ba ma yaƙi da ƙwai. Gidanmu gidan mutunci ne, kuma ina farin cikin sanar da wannan majalisa cewa..."

Shekarar nan ƙuda ya yi yawa a daji, kowa ya san abin da ya ci ya yaɗu haka. Wani tsando ya shigo inuwar kuka, ya kewaya, ya ga bayan Giwa da balbela, bayan Dorina da balbela. Sai ya hango wani fili fetal a gadon bayan Ɓauna, wurin nan da aka rantse ba tsuntsun da zai sake sauka. Ya sauka ya kafa baki. Wutsiyar Ɓauna ta tashi fyat, ta dawo.

Hankaka ya buɗe fukafuki ya yi shela: "Wutsiya ta kaɗa! Magana ta mutu!"

Kowa ya ga tsandon. Hanya biyu ce a gaban Ɓauna. Ko ta ce ƙuda ne ya cije ta, duk daji ya ji cewa ƙwaro yana juya hukuncin wadda ta shekara uku tana karawa da Giwa, ko kuma ta tsaya a bayan wutsiyarta. Ba ta ɓata lokaci wajen zaɓe ba.

Ta ce, "...cewa na yi dogon nazari a kan wannan batu. Yau an ce ƙwai. Gobe 'yan tsaki ne, jibi garke ne, gata a ce gangaren ma na Giwa ne tunda talakawanta ne a kai. Wa ya leƙa cikin ƙwan nan? Ni abin da na gani sojan Giwa ne sha huɗu a cikin ɓawo. Iyakar da aka saya da jini ba za a ɓalle ta da hawaye ba."

Tabawa ta manta da doka, ta manta da Dila. Ta ɗaga murya ta ce, "Ranki ya daɗe, tsando ne! Na gan shi, ga shi can a reshe ma ya ƙoshi! Don Allah ki ce tsando ne, ba wanda zai yi miki dariya!"

Hankaka ya ce ba a magana a kan gawar magana, a fitar da ita. Giwa kuwa hawayenta sun bushe da wuri. An ga wani ɗan haske a ƙananan idanunta, irin na wanda ya tsinci abin da zai yi amfani nan gaba, ta ce a bari tarihi ya shaida abin da aka yi yau. Don kada a ce majalisa ba ta yi komai ba, aka kafa kwamitin duba yiwuwar sake duba batun, aka ba Kunkuru shugabanci saboda an san shi da natsuwa.

Tabawa ta koma gida a hankali, don ba ta ga abin yi wa sauri ba. Rana ta uku da yamma ta isa bakin sawun Mesa, ta tsaya ta dubi gamba don ta yi sallama da abin da ke ciki. Sai ta ga wata 'yar ƙaramar fakara a kwance a gurbinta, ta baje fukafuki iyakar ƙarfinta har suna rawa.

Fakarar ta ce, "Ke ce mai gurbin nan? Sannu, Yaya. Sunana Ladingo. Nawa shida suna gefenki, gindin sabarar can. Kiwo na fito abin nan ya raba ni da su. Na zo wucewa na ji naki suna hucewa, na kasa ɗaga ƙafa. Nawa ban fara kwanci ba tukuna, za su jira." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma Yaya, jikina bai kai ba. Tara nake iya rufewa. Biyar na gefe na juya, na juya, sanyi ya riga ni. Ki yafe mini."

Tabawa ta dubi biyar ɗin da ke gefe. Da ƙyar ta ce, "Maigidanki fa?"

Ladingo ta ce, "Kura ta zo ta tafi da mazanmu kwanan baya. Su ma cikin ciyawa aka sa su."

Tabawa ta juya ta nufi sabara, ta sami ƙwai shida ƙanana, ta kwanta a kansu. Tunku ya sosa kunne, ya yi ta juya dokar a ransa. Doka ta hana tsallakewa, ba ta ce komai a kan kwanciya ba. Ya ce shi dai bai ga komai ba, ya juya baya.

Tara suka ƙyanƙyashe a hayi, shida a nan. Kowace safiya Ladingo takan jero 'yan zabin nan a bakin sawu ta ce su gai da uwarsu. Sukan gaishe ta da ladabi, suna kiranta Iya ta hayi, in wani abu ya firgita su kuwa sai su ruga ƙarƙashin Ladingo suna kiran Inna. Abin yana yi wa Tabawa ciwo, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba, amma takan ce ciwon da kake kallonsa yana kiwo ya fi wanda ka binne. Babban cikinsu bakin Nomau ya ɗauko, ko ganye ya faɗo sai ya sanar da duniya. 'Yan fakaran shida kuwa suka taso a bayanta, suna wankan ƙura irin na zabi, kukansu rabi na uwarsu rabi nata. Ta so su har ta daina tuna cewa aro ne.

A can gindin kuka ba wanda ya gamsu da rabon kanwa. Giwa ta ce gefenta yashi ya yi yawa, Ɓauna ta ce nata ba ɗanɗano. Amma ba a tara runduna da batun yashi, don haka ƙasar Giwa ta ware rana guda a shekara, Ranar Ƙwai Sha Huɗu. A ranar akan yi makoki, a yi jawabai, a koya wa yara waƙar yadda Ɓauna ta kashe marayu sha huɗu da wutsiya. Ba wanda ya taɓa zuwa Gangaren Marke ya ga gurbin.

Damina ta biyu Dila ya dawo, ya ɗan yi furfura a baki, jawabin dai shi ne. Ya ce haƙurin Giwa ya ƙare, za a rama wa ƙwan gwauruwa, kuma wannan yaƙin shi ne na ƙarshe.

Tabawa ta ratsa taro ta tsaya a gabansa. Ta ce, "Malam Dila, ni ce mai ƙwan. Ba su mutu duka ba, tara sun fashe. Ga su can suna kiwo, juya ka gan su. In don ni za a yi, na yafe."

Dila bai juya ba. Ya rage murya ya ce, "Iya, majalisa ta yi makokinsu, an yi waƙa, yara sun haddace. Sha huɗu ne. Kada ki kwance mana kaya ranar tafiya. Waɗancan da kike nunawa zabin Ɓauna ne." Sannan ya ɗaga murya don jama'a su ji, ya ce gidan da aka zalunta shi ya fi cancanta da sahun gaba, ya kira 'yan fakaran nan shida ɗaya bayan ɗaya. A hayi, a daidai wannan lokaci, Kura tana jera taran.

Tunda a nan iyaka take, a nan aka kara. Aka kwantar da shidan a gindin sabara, aka kwantar da taran a gindin gamba, don sun ƙi rabuwa, kuma nan suka sani. Taku ashirin da ɗoriya ne tsakaninsu, su da suke gaisawa kowace safiya. An kori tsofaffi zuwa kan tudu. Daga can Tabawa ta ji ƙasa ta soma rawa gabas da yamma, ta yi ta roƙon Allah a ranta ya kama bakin yaron nan ko sau ɗaya. Muryarsa ce ta fara tashi. 'Yan'uwansa suka amsa, shidan suka amsa daga nan gefen, rabi fakara rabi zabo. Ba muryar da ba ta sani ba. Daga nan sai ƙafafu.

Kafin azahar yaƙi ya yi gaba, ya bar gangaren shimfiɗe kamar masussuka. Marken ma an karya shi. Abu ɗaya ne bai motsa ba, wato Tunku, don ba a soke tsohon sulhu a hukumance ba, kuma ba wanda ya ce masa ya tashi. Tabawa ta sauko ta tattara shidan wuri guda a inda sabara take a da, ta rufe su da ganye. Sannan ta zo bakin sawu ta tsaya. Tana hango Ladingo a cikin tattakakkiyar gamba, tana hango gashi mai zane-zane a warwatse.

A nan Kunkuru ya same ta. Ya iso yana haki, ƙurar damina biyu a bayansa, ya nemi a nuna masa wata zabuwa mai suna Tabawa. Ya daidaita tsayuwa, ya miƙa wuya, ya ce, "Albishirinki. Kwamiti ya zauna sau arba'in da ɗaya, ya gano cewa akwai alamun ƙwaro a cikin lamarin. Saboda haka majalisa, cikin jinƙanta, ta ba ki izinin tsallaka iyaka ki kwanta a kan ƙwanki na tsawon kwana tara."

Tunku ya matsa gefe ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Bismillah, Iya. Yanzu kam da izini."

Ta tsallaka. Taku ashirin ne, kamar yadda ta ƙirga. Ladingo ta riga ta jawo su wuri guda, tana kwance a kansu, fukafukanta a baje. Da ta ga Tabawa sai ta tashi ta ce, "Ga su, Yaya. Na riƙe miki iyakar ƙarfina." Tabawa ta kwanta. Abin da ƙafar Giwa ta bari ba shi da yawa, fukafukanta suka rufe su duka tara har da sauran wuri.

Ladingo ta tako zuwa bakin sawu, ta dubi tarin ganyen da ke hayi. Ta ce wa Kunkuru, "Ni fa, ranka ya daɗe? Nawa shida suna can."

Kunkuru ya ce izinin na mutum ɗaya ne, amma ta kai kukanta majalisa, ai ana sauraron kowa. Ya ƙara da cewa gara ta hanzarta, don ya ji an fara neman barewar da za a ba Mesa. Ya juya zai kama hanya, sai ya tuna bai cika aikinsa ba. Ya waiwayo ya ɗaga murya yadda za ta ji shi daga cikin gamba.

"Kwana tara fa, Iya. In kika kai na goma, ke kika karya sulhu."